Wayar Da Ba A Karɓi La'adarta Ba: Amana Tsakanin Makaɗa Da Injiniyoyi

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ɗaukar waƙa, a Legas ne ko a Kano ko a Landan, in ya zagaya bayan fiyanon lantarkin da ake kiɗa da shi, da wuya bai ga wata 'yar kafa mai huji biyar ba, an rubuta haruffa huɗu a samanta, wato MIDI. A sababbin ƙira kafar USB ce ke yin wannan aiki, amma yaren da na'urorin ke magana da juna da shi ya samo asali ne tun 1983. Ta wannan hanya fiyanon Yamaha ke ba na'urar Roland umurni, ita kuma ta ba kwamfuta, ba tare da wani ya tambayi ƙasar da aka ƙera kowaccensu ba.

Abin da zai ja hankalin ɗan kasuwa a nan ba kiɗan ba ne. Tambayar ita ce, wa ke cin la'adar wannan fasaha da ta shiga miliyoyin na'urori cikin shekara fiye da 40? Amsar ita ce babu kowa. Mutanen da suka tsara ta, wani injiniya Ba'amurke mai suna Dave Smith da wani tsohon mai gyaran agogo ɗan ƙasar Japan mai suna Ikutaro Kakehashi, tare da abokan aikinsu, sun bar ta kyauta ga kowane kamfani, har da waɗanda suke gasa da su. Ɗaya daga cikin su biyun kuwa kamfaninsa ya durƙushe shekara huɗu kacal bayan haka.

Kakehashi an haife shi ne a birnin Osaka a 1930. Tarin fuka ya kashe iyayensa duka biyu tun yana ƙarami, kakanninsa suka rene shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana ɗan shekara 16, ya koma tsibirin Kyushu ya buɗe rumfar gyaran agogo. Da ya dawo Osaka sai shi ma cutar ta kama shi, ya yi shekaru a kwance a asibiti, bai tashi ba sai da aka gwada masa maganin streptomycin, wanda a lokacin sabo ne a ƙasar. A 1954 ya buɗe kantin kayan lantarki, a 1960 ya kafa kamfanin Ace Electronic, sa'annan da rinjayen hannun jarin kamfanin ya suɓuce masa sai ya fita ya kafa Roland a 1972. Bai yi karatun kiɗa ba. Abin da ya iya shi ne gyara, mai gyaran agogo kuwa sana'arsa duk a kan amana take, domin mai agogon ba ya ganin abin da aka cire ko aka sa a ciki, sai dai bayan mako guda ya ga ko yana tafiya daidai.

Shi kuwa Smith, wanda aka haifa a San Faransisko a 1950, ya karanta ilmin kwamfuta da na lantarki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma makaɗi ne tun yana ɗalibi. Ya kafa Sequential Circuits a 1974. A 1978 ya fito da Prophet-5, fiyanon lantarki na farko mai fitar da muryoyi da yawa lokaci guda wanda aka sa wa ƙwaƙwalwar kwamfuta, yadda makaɗi zai iya adana sautin da ya haɗa ya dawo da shi gobe kamar yadda ya bar shi. Kafin wannan, sai mutum ya rubuta matsayin kowane maɓalli a takarda, ko ya ɗauki hotonsa. An sayar da ita a kan kusan dala 4,000, kuma tana cikin kayan da aka yi amfani da su a faifan Thriller na Michael Jackson a 1982.

Kasuwa Mai Katanga

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 kowane kamfani da irin tasa hanyar haɗa na'urori. Moog da ARP da Roland suna auna tsayin murya da ƙarfin lantarki ta wata ƙa'ida, Korg da Yamaha kuwa ta wata dabam, saboda haka in aka haɗa su sai kiɗan ya fito a karkace. Oberheim na da tasa waya, Roland na da tata mai suna DCB. Wanda ya sayi kayan kamfani ɗaya ya ɗaure kansa ke nan, domin duk abin da zai ƙara saya sai daga can.

A ido, wannan riba ce ga mai ƙira. Masana tattalin arziki na kiran abin da tsadar sauya sheƙa: in barin kayanka zai ci wa mai saye kuɗi da yawa, kana iya tsawwala masa farashi ba zai tafi ba. Sai dai akwai ɗaya fuskar lissafin. Mai saye da ya san za a ɗaure shi yakan yi jinkirin shiga tun farko, kasuwar kuma ta tsaya ƙarama. A daidai wannan lokaci duniya na kallon yaƙin kaset ɗin bidiyo tsakanin Betamax na Sony, wanda ya fito a 1975, da VHS na JVC da ya biyo shi a 1976. Waɗanda suka sayi Betamax sun ƙare da na'urar da shagunan haya suka daina ajiye mata fina-finai, Sony kanta ta shiga ƙera VHS a 1988. Kasuwar kayan kiɗan lantarki ba ta kai ta bidiyo ko kusa ba, ba ta da ƙashin ɗaukar irin wannan yaƙi.

A tsakiyar 1981 Kakehashi ya tuntuɓi Tom Oberheim da batun a yi yare ɗaya, maganar ta kai ga Smith. A watan Oktoba na shekarar Smith da injiniyansa Chet Wood suka gabatar da takarda a taron Ƙungiyar Injiniyoyin Sauti a Niyok, inda suka zana yadda abin zai kasance. Da aka zauna da sauran kamfanoni a farkon 1982, yawancin na Amurka ba su yi na'am ba. Wasu suka ce saurin da aka tsara ya yi kaɗan, wasu kuma ba su ga dalilin buɗe wa abokin gasa ƙofa ba. Waɗanda suka tsaya su ne Sequential da kamfanoni huɗu na Japan, wato Roland da Yamaha da Korg da Kawai. A bikin baje kolin kayan kiɗa na NAMM a Anaheim, cikin Janairu 1983, aka haɗa Prophet-600 na Smith da Jupiter-6 na Roland da waya, aka taɓa ɗaya, ɗayar ta amsa. A watan Agusta aka buga ƙa'idar a rubuce.

Ya kamata mai karatu ya fahimci yadda abin ke aiki, domin a nan hikimar cinikin take. Wayar MIDI ba ta ɗauke da sauti. Umurni take kaiwa: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi a lokaci kaza. Kowane maɓalli na da lamba daga 0 zuwa 127, haka ma ƙarfin bugun, kuma waya guda na ɗauke da layi 16, wato makaɗi ɗaya na iya sarrafa na'ura 16 daga inda yake zaune. Saƙo guda na isa cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Kan wayar da aka zaɓa, mai tsinke biyar, tsohuwar ƙirar Jamus ce mai araha da ake samu a kowane kanti. Ma'anar wannan ita ce kowane kamfani ya riƙe sirrinsa, wato sautin da na'urarsa ke fitarwa, wanda shi ne ainihin abin da yake sayarwa. Abin da suka yi tarayya a kai hanyar gaisawa ce kawai. Kamar 'yan kasuwar hatsi ne su yarda da mudu ɗaya: kowa da geronsa da farashinsa, amma mai saye ya san abin da ake nufi in an ce tiya.

Smith ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa sun ƙi sa kuɗi a kan MIDI ne domin suna son kowa ya shigo, ba tare da an bar ko ɗaya a waje ba. Wannan ba maganar waliyyi ba ce, lissafi ne, kuma lissafin ya fita. Inda amana ta shigo shi ne a abin da ya biyo baya. Ƙa'idar da babu mai ita ba ta da ɗan sanda. Duk kamfanin da ya ga dama yana iya rubuta MIDI a jikin na'urarsa alhali ya ɗan karkatar da yaren yadda kayansa kaɗai za su ji daɗin aiki da juna. A shekarun farko an sami saɓani iri-iri, wasu na rashin fahimtar takardar da aka yi ta juyawa tsakanin Turanci da Japananci, har ta kai aka kafa ƙungiyar masu ƙera kayan MIDI a Amurka a 1985, ga kuma takwararta a Japan, domin warware su. Amma babu babban kamfanin da ya fasa yarjejeniyar ya ja nasa reshe. A rajistar lambobin da aka raba wa kamfanoni, lamba ta ɗaya har yau ta Sequential ce.

Wanda Ya Shuka Da Wanda Ya Girba

A shekarar da MIDI ta fito, Yamaha ta saki DX7 a kan dala 1,995, rabin kuɗin Prophet-5, ta sayar da fiye da guda 150,000, adadin da ba a taɓa gani ba a wannan kasuwa. Fasahar da ke cikinta wani mawallafin kiɗa kuma malami a Jami'ar Stanford, John Chowning, ya gano ta a 1967. An tallata ta ga kamfanonin Amurka masu ƙera ogan suka ƙi, Yamaha ta karɓi lasisi a farkon shekarun 1970, ta kuma yi ta biyan jami'ar la'ada har wa'adin mallakar ya cika a tsakiyar shekarun 1990. A 1985 kwamfutar Atari ST ta fito da kafar MIDI a jikinta, daga nan kamfanonin rubuta manhajar kiɗa suka tsiro, irin su Steinberg na Hamburg da ya fitar da Cubase a 1989. Kasuwa ta buɗe fiye da yadda kowa ya zata.

Sai dai buɗewar ta fi amfanar masu manyan masana'antu. Da katanga ta faɗi, mai Prophet ba shi da sauran dalilin sayen na'ura ta biyu daga Sequential, yana iya sayen ta Japan mai araha ya haɗa. Ƙananan kamfanonin Amurka da suka fara wannan sana'a suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Oberheim ya rasa kamfaninsa a 1985. Sequential ta rufe a 1987, Yamaha ta saye abin da ya rage, har da sunan. Ba MIDI kaɗai ta jawo haka ba, akwai kura-kuran zaɓen kaya da ƙarancin jari, amma gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce mutumin da ya fi kowa ɗawainiyar wannan ƙa'ida bai ci moriyarta a aljihu ba. Duk wanda ya ce riƙon amana na biya nan take, tarihin Sequential bai goyi bayansa ba.

Abin da ya rage wa Smith shi ne mutuncinsa a tsakanin mutanen sana'a, kuma shi ya ci gaba da sama masa aiki. Yamaha ta ba shi shugabancin wani sashen bincikenta, daga can ya koma Korg inda aka fito da Wavestation a 1990, sa'annan ya yi aikin mayar da fiyano manhajar kwamfuta. A 2002 ya sake kafa ƙaramin kamfani da sunan Dave Smith Instruments, tunda ba shi da ikon amfani da tsohon sunan. A 2013 aka ba shi da Kakehashi lambar Grammy ta fasaha saboda MIDI.

A watan Janairu 2015 Yamaha, a ƙarƙashin shugabanta Takuya Nakata, ta mayar wa Smith sunan Sequential kyauta. Wanda ya shiga tsakani ya roƙi hakan Kakehashi ne, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana gasa da kamfanonin biyu, wanda a lokacin ya wuce shekara 80, ya ma riga ya rabu da Roland tun 2013 bayan saɓani da masu gudanar da ita. Mai binciken littafin kuɗi zai ce Yamaha ba ta yi asarar komai ba, domin sunan na kwance shekara 28 ba ta amfani da shi. Haka ne, amma suna kadara ce, kuma a daidai lokacin da tsofaffin na'urori suka sake yin daraja, da ta sa shi a kasuwa da ba ta rasa mai saye ba. Smith ya fitar da Prophet-6 a shekarar, ya mayar da sunan kamfanin duka Sequential a 2018, kamfanin Focusrite na Ingila ya saye shi a 2021. Kakehashi ya rasu a 2017, Smith a 2022. A 2019 kamfanin Gibson ma ya bi sahu ya mayar wa Tom Oberheim sunansa. Robert Moog kuwa, wanda ya rabu da nasa tun cikin shekarun 1970, sai da aka yi shari'a kafin ya karɓo shi a 2002, shekara uku kafin rasuwarsa.

Akwai wani ɗan labari game da Kakehashi da ya dace a ambata. Na'urar ganga ta TR-808 da Roland ta fitar a 1980 tana samun wani amo nata na musamman ne daga taransiston da masana'anta suka ware a matsayin masu aibi, shi kuwa ya saye su da gangan. Da aikin masana'antun ya inganta, irin waɗannan masu aibi suka ƙare, aka dakatar da ƙera na'urar a 1983 bayan an yi kimanin guda 12,000. Ba ta yi kasuwa sosai ba a lokacin, saboda haka ba wata babbar sadaukarwa ba ce. Duk da haka ba a cusa wani taransisto aka ci gaba da sayar da ita da tsohon suna da sabon sauti ba. Yau amonta na cikin waƙoƙin da ba su ƙirguwa, na gwanjonta kuma ya ninka farashinta na asali.

Abin Da Mai Saye Ba Ya Gani

Me ya haɗa makaɗi da injiniya a wannan batu? Dukansu suna sayar da abin da mai saye ba zai iya buɗewa ya duba ba. A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya sami lambar Nobel a 2001, ya yi bayanin abin da ke faruwa a irin wannan kasuwa, ya kafa misali da motocin hannu. In mai saye ba zai iya bambance mai lafiya da mai ciwo ba, zai taya duka da farashi ɗaya na tsaka-tsaki, mai kyakkyawar mota ya ga bai isa ba ya janye, sai ruɓaɓɓu su cika fili, daga ƙarshe kasuwar ta mutu. Wanda ya taɓa sayen 'yar Kwatano ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi. Maganin abin shi ne wata shaida da mai saye zai dogara da ita, ko garanti, ko hatimin hukuma, ko sunan da aka daɗe ana ginawa.

Sana'ar waƙa ta ɗanɗana wannan a 1990. Milli Vanilli, samari biyu da mai shirya faifai ɗan Jamus Frank Farian ya haɗa, sun sayar da faifai fiye da miliyan 6 a Amurka, suka karɓi Grammy a watan Fabrairu na shekarar. Muryoyin da ke cikin faifan ba nasu ba ne, na wasu mawaƙa ne da aka ɗauka a ɗakin ɗaukar sauti aka ɓoye su. Tun a Yuli 1989, a wani wasa a jihar Connecticut, na'urar da ke sakin muryar ta maƙale tana maimaita layi ɗaya a gaban dubban mutane. A Nuwamba 1990 Farian da bakinsa ya fasa ƙwai, aka ƙwace lambar, karo na farko a tarihinta, kamfanin Arista ya janye faifan, kotu kuma ta amince a mayar wa masu saye wani ɓangare na kuɗinsu. Samarin biyu suka ɗauki yawancin kunyar, ɗayansu, Rob Pilatus, ya mutu a 1998. A ganina an raba laifin ba daidai ba. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da wanda ya zauna a bayan na'ura ya haɗa muryar wani da fuskar wani, kuma shi ne ya fi kowa sanin abin da ake sayarwa.

Ɓangaren fasaha ma ya yi tasa. A 2005 aka gano cewa kamfanin Sony BMG na sa wata ɓoyayyar manhaja a faya-fayan CD na waƙoƙinsa domin hana kwafa. Da zarar an sa faifan a kwamfuta sai ta shige ta ɓuya, ta kuma bar ƙofa a buɗe ga masu kutse. Wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ya tona asirin a ranar 31 ga Oktoba. Kamfanin ya janye miliyoyin faya-fayai, a 2007 kuma ya daidaita da hukumar kare ciniki ta Amurka kan biyan har dala 150 ga wanda kwamfutarsa ta lalace. Satar fasaha da ake son hanawa matsala ce ta gaske, kowane mai shirya faifai a Nijeriya ya san zafinta. Amma wanda aka cuta a nan shi ne wanda ya biya kuɗi ya sayi na asali.

Abin takaicin shi ne rabin sunan kamfanin na Sony ne, gidan da wani mawaƙi ya taimaka wajen ginawa a kan faɗin gaskiya. Norio Ohga, sa'an Kakehashi a haihuwa, ɗalibin waƙar opera ne a Tokyo lokacin da ya rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙar suka kan na'urarsu ta ɗaukar murya, yana lissafa aibobinta ɗaya bayan ɗaya. Maimakon su yi fushi, masu kamfanin suka ɗauke shi mai ba da shawara, ya zama cikakken ma'aikaci a 1959, shugaba a 1982, shekarar da aka fito da faifan CD. Shi ne kuma ya matsa wa Philips a tsakiyar shekarun 1960 har ta yafe la'adar kaset ɗin rikoda, abin da ya sa kaset ya zama ɗaya a duk duniya, daga Tokyo har kasuwar Sabon Gari. Da ya yi ritaya a 2003 ya ba da kuɗin sallamarsa aka gina zauren kiɗa a garin Karuizawa. Ɓoyayyar manhajar ta zo ne shekara biyu bayan tafiyarsa.

Kada a ɗauka daga nan cewa amana na nufin bayar da kaya kyauta. Ray Dolby, wanda ya kafa kamfaninsa a Landan a 1965, ya karɓi la'ada a kan fasaharsa ta rage ƙarar kaset har ya zama attajiri. Sharaɗinsa shi ne duk mai son sa tambarinsa sai ya aiko da samfur an gwada. Kuɗin da aka biya shi na fasahar ne da kuma tambarin da ke tsaya wa wannan gwajin.

Inda Abin Ya Taɓa Mu

Tun cikin shekarun 1990 kiɗan fina-finan Hausa a Kano ya dogara ne a kan fiyanon Yamaha, mutum ɗaya na yin aikin da a dā sai an tara makaɗa. Wannan araha 'yar MIDI ce. Amma ƙa'ida takan ɗauki kamannin waɗanda suka zauna a teburin tsara ta. A jerin muryoyin kayan kiɗa 128 da aka amince da su a 1991 a ƙarƙashin General MIDI, akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba, akwai ma agogo, wato ƙararrawar nan da sunanta ya fito daga Yarbanci ya bi ta Barazil. Babu kalangu, babu goge, babu kukuma, babu algaita. Mai fiyano a Kano sai ya nemi abin da ya fi kusa da su a cikin abin da aka zuba masa, ko ya ɗauki sautin na gaske ya loda da kansa. Ba ƙeta aka yi mana ba, ba mu kasance a wurin ba ne.

Tambayar da Milli Vanilli suka tayar kuwa ta dawo da sabuwar riga. Manhajar Auto-Tune, wadda Andy Hildebrand, tsohon injiniyan binciken man fetur kuma mabushin sarewa, ya fitar a 1997, tana miƙe muryar da ta karkace, yau kuma da wuya a sami ɗakin ɗaukar waƙa a ƙasar nan da babu ita. Wannan ba yaudara ba ce muddin mai sauraro ya san ana yi, kuma ya sani. Ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta ita ce ta wuce nan. A 2023 wata waƙa da aka kwaikwayi muryoyin Drake da The Weeknd da na'ura ta yaɗu kafin a sauke ta. A Yuni 2024 manyan kamfanonin faifai uku suka kai Suno da Udio ƙara kan koyar da na'urorinsu da waƙoƙin mutane ba izini. A Satumba na shekarar masu gabatar da ƙara a Niyok suka tuhumi wani mutum da loda dubun dubatar waƙoƙin na'ura, ya kuma sa wasu na'urorin suna ta sauraronsu, har ya karɓi fiye da dala miliyan 10. Tunda yawancin dandalin sauraron waƙa na tara kuɗin wata ne su raba bisa yawan saurare, duk abin da aka ci ta wannan hanya daga rabon mawaƙan gaske aka yanke shi, har da namu. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta tanadi hanyar neman a sauke kayan sata daga intanet. Sai dai doka na aiki ne bayan an gano, ganowar kuwa galibi tana hannun wanda ke zaune a gaban kwamfutar.

Ita MIDI an sabunta ta a Janairu 2020, karo na farko da aka yi mata babban gyara cikin shekara 37. A wannan zagaye kamfanonin kwamfuta irin su Apple da Google da Microsoft na cikin ƙungiyar tare da masu ƙera fiyano, har yanzu kuma ba a karɓar la'ada. Cikin sharuɗɗan MIDI 2.0 akwai cewa sabuwar na'ura za ta fara tambayar wadda aka haɗa ta da ita irin yaren da take ji. In ba ta sami amsa ba, sai ta koma ta yi mata magana da na 1983.